Kirista da littafinsa: a san asalin haja kafin a kasa ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin ƴan atamfa na babbar kasuwar Maraɗi, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ya san ba a yi wa ƴar kasuwa wayo a kan zane. Da ta murza bakin turmi da yatsa biyu, ta juya bayansa, ta duba lambar da ke gefe, za ta gaya maka ko ɗan Holan ne, ko ɗan Abijan, ko kuwa na Sin ne aka liƙa masa takardar wani. Ta san ta inda ya biyo, ko Kwatano ko Lome, ta san abin da aka biya a duwan. Haka mai albasa yake gane ƴar Galmi tun tana cikin buhu. Wanda bai san asalin hajarsa ba, ko dai a cuce shi wajen sari, ko mai saye ya ƙure shi da tambaya ɗaya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, a cikin waɗannan kasuwanni namu akwai Kiristoci. Ba su da yawa, ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba, amma suna nan: mai ɗinki, mai tuwo, mai gyaran babur, mai sayar da magani. Da yawansu Littafi Mai Tsarki yana cikin jaka, sun haddace ayoyi, matan ba su fashin taron zumuntar mata. To amma a tambaye su daga ina wannan littafi ya fito, da wane harshe aka fara rubuta shi, wa ya mai da shi Hausa, sai ka ji shiru. Tambayar kuwa ba ta ƙarewa. Kusan kullum sai an yi ta a rumfa lokacin shan shayi, wani da raha, wani da gatse. Mu ba wa'azi muka zo yi ba, kuma ba aikin jarida ba ne ta raba gardamar addinai. Amma mun ga abin da wannan shiru yake jawowa, ga Kiristocin da kuma maƙwabtansu.

Mu fara da maganar da aka fi ji, wato addinin Nasara ne. Kalmar Nasara daga Larabci ta zo mana, kuma asalinta mabiya Annabi Isa take nufi, mutumin Nazarat. A bakinmu ne ta koma sunan Bature. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 1899 rundunar Vule da Shanwan ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarna a Birnin Ƙwanni, ta gwabza da Sarauniya a Lugu. Bayan ƴan shekaru sai ga wasu fararen fata da littafi a hannu. Wa zai zargi kakanninmu don sun haɗa su a kwando ɗaya? Sai dai in an bi diddigi, ƴan mishan na SIM da suka sauka Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920, masu jin Ingilishi ne, yawancinsu daga Amurka da Kanada, kuma kwamandojin Faransa ba su sake jiki da su ba. Ƴan Katolika kuwa a 1931 suka kafa mishan ɗinsu a Yamai.

Wannan shi ne zuwan addinin ƙasarmu. Zuwansa Afirka ya girmi haka da shekaru kusan 1,800, kuma nan ne yawancin Kiristocinmu ba su da labari.

Tun a shekara ta 180 an rubuta shari'ar wasu Kiristoci da aka kashe a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, don sun ƙi bauta wa sarkin Rum. A 203, a wannan birni dai, aka jefa wasu mata biyu gaban namun daji, Farfetuwa mai shayarwa, da baiwa Felisita wadda ba ta daɗe da haihuwa a gidan kaso ba. A lokacin kakannin Ingilishi da na Jamusawa suna bauta wa gumakansu a daji. Malamin da ya fara rubuta manyan littattafan aƙidar Kirista da Latin, Tartuliyan, ɗan Kartaj ne. Agustin, wanda har yau ana karanta shi a makarantun fastoci da na limaman Katolika, an haife shi a 354 a garin da ake kira Suk Ahras yanzu a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, ya rasu a 430. Uwarsa Monika, masana na ganin sunanta ma na Berber ne, wato dangin Buzayenmu. Fafaroma uku na ƙarnonin farko ƴan arewacin Afirka ne, kuma Fafaroma Liyo na 14 da aka zaɓa a Mayun 2025 ɗan ƙungiyar da ke bin tsarin Agustin ne.

Labarin Habasha ya fi kusa da zuciyar ɗan kasuwa, don ta hanyar fatauci abin ya shiga. Wani yaro ɗan Taya, Furumentiyus, jirgin ruwansu ya tsaya a gaɓar Bahar Maliya aka kama shi, aka kai shi fadar Aksum, ya girma a can har ya zama malamin yarima. Yariman nan, Ezana, shi ne ya karɓi addinin wajen shekara ta 330, kuma shaidar tana kan kuɗɗinsa: sulallan farkon mulkinsa suna ɗauke da wata da faifan rana, na baya suna ɗauke da gicciye. Wannan masarauta ce Musulmin farko suka yi hijira zuwa gare ta wajen 615, lokacin da Makka ta yi musu zafi, sarki Najjashi ya ba su mafaka ya ƙi miƙa su. Kowane almajiri ya san wannan ƙissa. Abin mamaki, Kirista da yawa ba su san ta ba, alhali ita ce maganar da ta fi dacewa su riƙe a bakinsu in zance ya yi zafi. A Sudan ma, masarautar Kiristoci ta Dongola ta ƙulla yarjejeniya da Musulmin Masar a 652, ta zaman lafiya da musayar kaya, wadda ta yi kusan shekaru 600 tana aiki. Ba za mu ɓoye ba, cikin kayan da Dongola ke bayarwa kowace shekara har da bayi. Tarihi ba ya zuwa a wanke.

Akwai wani abu a nan da ya kamata shugabannin majami'u su tsaya a kansa. A Masar da Habasha ikilisiya ta rayu har yau. A Tunisiya da Aljeriya kuwa, inda aka yi ɗaruruwan bishop, ta shuɗe sannu a hankali. Masana da dama suna kawo dalili biyu. Na farko, Kibɗawa da Habashawa sun sami littafin cikin harshensu tun da wuri, amma a ƙasar Agustin da Latin ya tsaya, harshen birni da na masu mulki, bai shiga bakin mutanen karkara ba. Na biyu, rabuwar kai: bayan tsanantawar 303 suka dare biyu a kan wa ya tsaya da gaskiya wa ya miƙa littattafai ga hukuma, suka yi sama da shekara 100 suna jayayya, gari ɗaya bishop biyu. Wanda ya san yadda ikilisiyar EERN, da aka kafa a farkon mulkin kai, ta rarrabu daga baya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Littafin kansa

Littafi Mai Tsarki ba littafi ɗaya ba ne, tarin littattafai ne da mutane da yawa suka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru. Tsohon Alkawari da Ibrananci, wasu ƴan wurare da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuwa da Girkanci, kuma ba Girkancin manyan malamai ba, na kasuwa da tashar jirgi, wanda fatake ke ciniki da shi daga Masar har Rum, kamar dai yadda Hausa take daga Agadas zuwa Kumasi.

Nan ne tambaya mai ƙure mutane take fitowa: me ya sa na ƴan Katolika littafi 73 ne, na ƴan Furotesta 66? Mun sha ganin Kirista ya ji wannan ya rikice, kamar an kama shi da jabun kuɗɗi. Amsar kuwa gajeriya ce. Sabon Alkawari duka ɗaya ne, littafi 27. Bambancin a Tsohon Alkawari yake. Yahudawan Iskandariya ta Masar sun fassara littattafansu zuwa Girkanci tun kafin haihuwar Almasihu da sama da shekara 200, kuma tarin nan na Girkanci ya ƙunshi wasu littattafai da ba su cikin jerin Ibrananci. Kiristocin farko da na Girkancin suka yi aiki. Da Martin Luta da mutanensa suka zo a ƙarni na 16, suka koma ga jerin Ibrananci mai 39, Katolika kuma a taronsu na 1546 suka tabbatar da 46. Shi ke nan. Ikilisiyar Habasha ma nata lissafin ya kai 81.

Jerin 27 ɗin nan, takarda mafi tsufa da ta kawo shi cif kamar yadda yake yau wasiƙa ce ta Atanasiyus, bishop na Iskandariya, a shekara ta 367, sannan taron Kartaj na 397 ya amince da shi. Ka ga nan ma Afirka ce. Ana yawan cewa a taron Nikiya na 325 sarkin Rum ya zaɓi littattafan da yake so ya ƙone sauran. Taron Nikiya ba a kan jerin littattafai ya zauna ba, a kan matsayin Almasihu ne, kuma jayayyar da ta haddasa shi tsakanin malaman Iskandariya ta tashi. Surori da lambobin ayoyi kuwa, da wasu ke ɗauka tare aka saukar da su, aikin baya ne: surori a farkon shekarun 1200, ayoyin Sabon Alkawari a 1551, wani mai ɗab'i Bafaranshe ya sa su don a sami sauƙin nema.

Sai babbar magana, wai an canja littafin. Wannan gardama ce ta aƙida, kowane ɓangare da abin da ya gaskata, kuma ba mu ne za mu yanke ta ba. Amma akwai abin da ido ke gani, wanda ya kamata mai littafin ya sani. Kafin injin ɗab'i da hannu ake kwafa, kamar yadda malamanmu ke yi da tawada da alƙalami. Kofen Sabon Alkawari na Girkanci da suka rage sun haura 5,000, mafi tsufansu a rairayin Masar aka tono su. A 1947 makiyaya suka tsinci tuluna a kogunan gefen Tekun Gishiri, a ciki har da naɗaɗɗen littafin Ishaya cikakke, wanda ya girmi kofen Ibrananci da ake da su a da da shekara kusan 1,000, kuma aka tarar sun yi kusa ƙwarai. Shin akwai bambance-bambance tsakanin kofen? Akwai, da yawa, galibinsu na harafi ne da tsallaken layi. Akwai kuma manya guda biyu: ƙarshen Bisharar Markus, da labarin matar da aka kama da zina a cikin Yahaya, ba su cikin kofen da suka fi tsufa. Ba asiri ba ne, yawancin fassarorin zamani sun rubuta haka a ƙasan shafi. Amma Kiristan da bai taɓa ji ba, ranar da wani ya buɗe masa a gaban jama'a, ko ya yi musun abin da yake gaskiya, ko ya tashi da fushi. Duka biyu ba su yi kyau ba.

Yaron Dambanas

Yadda littafin ya shigo Hausa kuwa, akwai hannun ɗan ƙasar nan a ciki, kuma mun tabbata ƴan kaɗan ne suka san sunansa. Dorugu, an haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi har Kukawa ta Barno, inda wani Bajamushe matafiyi ya ƴanta shi. Ya bi Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, har Tumbutu, sannan a 1855 ya tafi da shi Turai. A Ingila ya zauna da wani fasto Bajamushe, Shon, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa. Daga bakin yaron nan Shon ya gyara Hausarsa, ya rubuta labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, kuma a 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa. Dorugu ya komo, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana aiki a makarantar Ɗan Hausa. Cikakken littafin sai a 1932 ya fito, bayan aikin shekaru da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa Hausawa suka yi, aka sake sabuwar fassara a 1979.

Masu fassarar nan ba su ƙirƙiro kalmomi daga sama ba. Sun ɗauki waɗanda suka tarar a bakin mutane: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, Attaura, Zabura, zunubi, tuba, aljanna ko Firdausi. Shi ya sa in Musulmi ya ji ana karatu a majami'a, rabin kalmomin ya san su. Sunan Yesu kuwa, da wasu ke cewa sunan Turawa ne, daga Ibrananci Yeshuwa ya biyo ta Girkanci, kuma Larabawa Kiristoci na Masar da Labanan Yasu'u suke cewa.

Yanzu mu zo kan aljihu, tunda da ƴan kasuwa muke magana. Shekarun nan an sami masu wa'azi, a talabijin da wayar salula da kuma wasu sababbin majami'u, masu sayar da man shafawa, da ruwan albarka, da hankici, masu cewa ki shuka jika goma ki girbi ɗari. Mun san matar da ta kwashe kuɗɗin adashinta ta kai wa irin wannan, tana jiran rumfarta ta cika da kaya, ƙarshe jarin ma ya karye. Da ta san tarihi da ta gane tsohuwar haja ce aka sake wa leda. A cikin Ayyukan Manzanni akwai wani Siman mai sihiri da ya kawo kuɗɗi yana son ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya fatattake shi. A 1517 abin da ya tayar da Luta a Jamus shi ne masu yawo gari gari suna sayar da takardun sassauta azaba, talakawa na zuba sulalla a akwati. Duk ɗan Furotesta na Nijar jikan wannan tawaye ne, sai ga shi yau yana layin sayen kwalba.

Abin ba ya tsayawa a kuɗɗi. A Kanungu ta Yuganda wasu shugabanni sun sa ranar tashin duniya, mabiya suka sayar da gonaki da dabbobi suka miƙa musu kuɗɗin. Da ranar ta wuce mutane suka fara neman abinsu, a watan Maris na 2000 aka hallaka ɗaruruwansu. A Kenya a 2023 an tono gawa sama da 400 a dajin Shakahola, na mutanen da aka ce su yi azumi har mutuwa. Masu sa ranar tashin duniya ba yau suka fara ba, a Amurka an yi a 1844, an kuma yi a 2011, kowane lokaci gari ya waye kamar kullum.

Ga mata kuwa, in wani ya ce musu kasuwa da ibada ba su haɗuwa, su tambaye shi Lidiya. Ita ce mutum ta farko da littafin ya ambata ta karɓi bishara a hannun Bulus a ƙasar Turai, a birnin Filibi, kuma sana'arta sayar da tufafi masu rinin shunayya, kaya masu tsada irin turkuɗinmu, a gidanta masu bi suka riƙa taruwa. Bulus kansa da ɗinkin tanti yake ci, tare da Akila da matarsa Bilkisu ko Biriskila, yadda fassarori suka kira ta.

Ba mu ce tarihin nan duka abin alfahari ba ne. Akwai yaƙe-yaƙen gicciye, akwai limaman da suka sa wa jiragen bayi albarka, akwai ƴan mishan da suka raina al'adun mutanen da suka zo wa, suka daɗe ba su sakar wa ƴan ƙasa ragama ba. Akwai kuma asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da na kutare a Danja, inda Musulmi suka fi kowa zuwa. Kirista ya san duka biyun, don in bai faɗi na farkon da bakinsa ba wani zai faɗa masa, kuma ba da daɗi ba.

Mun tuna 16 da 17 ga Janairun 2015. Wata jarida a Faris ta yi zanen ɓatanci, aka wayi gari majami'u na cin wuta a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasu, hukuma ta ƙirga majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai, ban da shaguna da gidaje. Jaridar nan ba ta Kiristoci ba ce, ta waɗanda ba ruwansu da addini ce, ta sha zagin Fafaroma da Almasihu kansa. Amma a kan titi lissafin gajere ne: Faransa Nasara, Nasara Kirista, Kirista ga shi nan a unguwa. A Yunin 2019 an sake ƙona wata majami'a a Maraɗi. Ba mu ce sanin tarihi zai tare mai ɗauke da galan ɗin fetur ba. Amma a ranakun nan akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu, kuma waɗannan mutane ne da suka san maƙwabcin ɗan gari ne, sun san ubansa da kakansa. Irin wannan sani a rumfa ake gina shi, da hira, shekara da shekaru, kuma mai hirar sai yana da abin faɗa in an tambaye shi.

Ta ina za a fara? Makarantun Littafi suna koyar da wannan ga masu shirin zama fasto, amma ba ya sauka ƙasa. Wa'azin Lahadi ba ya ɗaukarsa. Mu a ganinmu taron zumuntar mata da na matasa sun fi dacewa, ko da minti 15 ne a mako, da Hausa, ba da Faransanci ba, tunda mun ga abin da ya sami ƙasar Agustin. Yau shugabancin ma a hannun ƴan Afirka yake: Maraɗi ta sami bishop nata tun 2001, kuma a 2014 aka naɗa ɗan ƙasa, Loran Lompo, babban bishop na Yamai.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Tsofaffin da suka yi lakwal ɗin mishan a Tsibiri, da waɗanda suka yi jinya a Danja suka zauna can, da matan da suka fara karatun boko a hannun matan ƴan mishan, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wasiƙu da rahotannin ƴan mishan suna ajiye a Amurka. Littafin da wata malamar tarihi, Barbara Kufa, ta wallafa a 2006 a kan Kiristocin Maraɗi, bayan ta zauna ta yi hira da irin waɗannan tsofaffi, da Ingilishi ta rubuta shi. Wayar da ke hannun kowane jika tana ɗaukar murya, kuma kaka tana nan zaune a tsakar gida.